Yaya zan gode wa malamin da ya dawo min da ɗana kan karatu?

Salamu alaikum 'yan uwa. Daga Rigasa ta Kaduna nake, shawara nake nema. Ɗana yana aji huɗu a firamaren gwamnati. Har bara, da an ce ya ɗauki jaka sai kuka. Ya fita da yunifom, a tsince shi a garejin masu gyaran Keke Napep yana miƙa musu sifana. Babu irin dukan da babansa bai yi masa ba.

Sai aka turo musu wani ɗan bautar ƙasa, Bayarabe, Hausarsa ma ba ta nuna ba. Ya bi yaron har gareji ya ga abin da yake so. Washegari ya shigo aji da batir da ƙwan fitila da waya, ya ce duk wanda ya karanta rubutun jikin batirin shi zai haɗa wutar. Wallahi yaron da ba ya iya haɗa baƙi, yau daga Bakin Ruwa har Kasuwar Gumi babu allon shagon da ba ya karanto min.

Malamin ya kusa gamawa. Maigida ya ce a sa masa kuɗi a ambulan, ni kuma ina tsoron a ce toshiyar baki ce, don jarrabawa ta ƙarato. Abin da ya fi hana ni barci kuwa, in ya tafi kada yaro ya koma gidan jiya.

Tsohon hedimasta, Tudun Wada:
'Yata, ki bari sai an raba sakamako, babu mai zarginki. Amma kafin kuɗi ki rubuta wasiƙar yabo ga hedimasta, ki kai kwafi ofishin NYSC, hukumar masu bautar ƙasa, na ƙaramar hukumar Igabi. Ki faɗi abin da ya yi dalla-dalla, har batirin. Tun 2017, da aka sallami malaman firamare 21,780 a jihar nan kan jarrabawar gwaji, maganar malami marar ƙwazo kawai ake ji. Na kirki ba a rubuta sunansu, kuma abin yana mana ciwo.

Wata da ta yi bautar ƙasa, Kawo:
Da girmamawa Baba, takarda ba ta biyan kuɗin mota. Alawus ɗinsu naira 77,000 ne tun 2025, ga haya ga abinci, ga tafiya gida Kudu. Yaya, ki ba shi ko nawa ne, ki haɗa da kilishi da yadin shadda ya kai gida. Yaron ne zai miƙa da hannunsa.

Malamar Islamiyya, Unguwar Sanusi:
Manzon Allah (SAW) ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Ku je ke da maigida ku yi masa godiya baki da baki, ko wane addini yake bi.

Bakanike, Panteka:
Hajiya, ni maganar komawa gidan jiya ce ta tsaya min, don ni ma haka na bar makaranta kuma ban samu irin wannan malami ba. Kada ku raba shi da gareji. Ku yi yarjejeniya: ya je makaranta duk ranakun karatu, Asabar bayan Islamiyya ya je wajen oga. A ba shi littafi ya riƙa rubuta sunan kowane ƙarfe da farashinsa, lissafi ne da rubutu a haɗe. Tashar jirgin ƙasa tana nan unguwarku, babansa ya kai shi ya ga inji, ya gaya masa masu tuƙa shi sai da suka yi karatu. Kuma don Allah a ajiye bulala.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Wasiƙar zan fara rubutawa daren nan. Zan kuma roƙi malamin ya zauna da malamar ajinsu kafin ya tafi, ya nuna mata yadda yake bi da shi. Baba, da Hausa zan rubuta ko dole sai da Turanci?