Shawarwarin yayyenmu ga ɗan ajin ƙarshe

Daren Juma'a muka zauna wurin mai shayi a Unguwar Rimi, mu 'yan ajin ƙarshe na Jami'ar Jihar Kaduna da wasu yayyenmu da suka riga mu gamawa. Ga abin da na tsinta.

Bakinsu ya zo ɗaya kan binciken kammalawa: a kama shi tun zangon farko, kada a jira sai malami ya fara cigiya. Mai nazarin tarihi ko siyasa ya leƙa Gidan Arewa, inda Sardauna ya zauna, domin akwai takardun da intanet ba ta san da su ba. Na taɓa shiga, ina buɗe tsofaffin shafuka masu ƙamshin ƙura, ban ankara ba sai kiran la'asar. Wannan shawarar ta fi kwanta mini a rai.

Abinci kuwa, a haɗa kuɗi a auno shinkafa da wake.

Batun tafiya ne ya ja gardama. Wasu suka ce a hau jirgin ƙasa daga Rigasa a ga Abuja, wasu suka fi son ruwan Matsirga kusa da Kafanchan, da damina. Sharaɗin yayyenmu dai: a tafi da rana, cikin jama'a, a kuma sanar da gida.