Gwajin AMH (sinadarin jini mai nuna yawan ƙwan da ya rage wa mace) ga matar da ke shan ƙwayar tazarar haihuwa: a jira ko a fara?

Assalamu alaikum, likitoci da ma'aikatan ɗakin gwaji. Ga matsala ina neman shawararku.

Mace ce mai shekara 36, ta yi shekara 6 tana shan ƙwayar da ta haɗa istrojin da projestin saboda ciwon endometiriyosis (tsirowar nama irin na cikin mahaifa a wajen mahaifar), yanzu tana son a yi mata IVF, wato haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji a dasa a mahaifa. An auna ta tana kan maganin: AMH 0.9 ng/mL, sikanin ya nuna ƙananan jakunkunan ƙwai 5 kacal a ma'ajiyar ƙwai ta ɓangarorin biyu, FSH (sinadarin da ke zuga ƙwai su girma) kuma 3.

FSH ɗin ban ɗauke shi a bakin komai ba, tunda ƙwayar na danne shi, kuma jinin da ake gani a makon hutun shan ƙwayar ba al'ada ta gaskiya ba ce. AMH ne ya tsaya mini a rai. An san ƙwayar na rage shi da kusan kashi 20 zuwa 30 cikin 100, tana kuma ƙanƙantar da jakunkunan har a kasa ƙirga wasu. Ke nan ainihin adadinta zai iya kaiwa 1.2, wato daidai kan iyakar da ƙasa da ita ake cewa ƙwan mace ya yi ƙaranci.

In an dakatar da maganin wata 2 zuwa 3 a sake aunawa, ciwon na iya dawowa, ga shekaru na tafiya. In kuma an fara allurar zuga ƙwai da 300 IU (ma'aunin yawan maganin) bisa wannan sakamakon, ana iya zarce abin da jikinta ke buƙata.

Wata ɗaya bayan dakatar da maganin ya isa a sake gwajin? Ko a fara da 225 IU, a gyara bayan sikanin kwana na 6 da fara allurar?