Shin mai kamun kai ya fi jin daɗin rayuwa?

Ɗalibi, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga waɗanda suka karanta ilimin halayyar ɗan Adam. Kawuna manomin shinkafa ne a Argungu, ba ya sayar da buhu ko ɗaya da kaka sai farashi ya tashi, kuma ban taɓa ganin ya sayi abin marmari ba. Akwai binciken da ya nuna cewa irin wannan kamun kai yana kawo farin ciki, ko dai dukiya kawai ake tarawa da shi?

Malama, Jega:
Wa alaikumus salam. Akwai shi. A 2014 masanin halayyar ɗan Adam Wilhelm Hofmann da abokan aikinsa, cikinsu har da Roy Baumeister, sun gano cewa masu kamun kai sun fi gamsuwa da rayuwarsu, kuma zukatansu sun fi kwanciya a harkokin yau da kullum. Dalilin ne ya fi ɗaukar hankalina. A wani bincike na 2012 a birnin Würzburg na Jamus, an bai wa mutum 205 wayoyi, ana tambayarsu sau da yawa a yini ko ransu na son wani abu a wannan lokacin, sai aka tarar masu kamun kai ba su cika kokawa da sha'awa ba, domin sun tsara rayuwarsu yadda ba sa yawan haɗuwa da ita. Ina kyautata zaton kawunka ya kulle buhunan a ɗaki tun ranar casa, ya daina tunaninsu.

Malamin makaranta, Zuru:
Malama, na yarda da bayaninki, amma a yi hattara da ɗora komai a kan hali. Gwajin alawa da Walter Mischel ya yi wa yara a Jami'ar Stanford ta Amurka, inda yaron da ya jira yake samun biyu maimakon ɗaya, an sake duba shi a 2018 da yara kimanin 900, kuma da aka yi la'akari da arzikin gida da ilimin iyaye, sai alaƙar jira da nasarar gaba ta ragu ƙwarai. Manomin da ya ci bashin taki dole ya sayar da kaka, ko da haƙurinsa ya kai na damo.

Malama, Jega:
Gaskiya ne, Malam, kuma tarbiyya ma tana da nata rabon. Da aka yi gwajin nan da 'ya'yan manoman ƙabilar Nso ta Kamaru, aka ajiye musu fanke, kusan kashi 70 cikin ɗari suka jira minti goma, alhali yaran Jamus da suka jira ba su kai kashi 30 ba.

Ɗalibi, Birnin Kebbi:
Na gode, malamaina. Lallai kawu ba ya cin bashin taki, kuma mabuɗin ɗakin shinkafar yana hannun uwargidansa.