Gasar rubutu mai tallafa wa masu ƙananan sana'o'i da rance: wacce ta cancanci a shiga?

Baban Fadila: Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta. Kwanan nan ina yawan cin karo da sanarwar gasannin gajerun labarai da waƙoƙi na ƙasashen waje waɗanda ake biyan kuɗin shiga, masu shiryawa kuma su ce bayan an ware kyautar zakaru, ragowar kuɗin za a ba da shi rance ga masu ƙananan sana'o'i a ƙasashe masu tasowa. Mu da muka saba da irin gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda tun da aka fara ta a 2016 mata ke shiga ba tare da biyan ko kwabo ba, wannan tsari baƙo ne a wurinmu. Ina neman shawara kan yadda zan bambanta ta gaskiya da ta 'yan damfara, da kuma ƙungiyar rancen da ta fi dacewa kuɗin mutum ya je hannunta.

Malamin Adabi: Wa alaikumus salam. Abu na farko da nake dubawa shi ne ko masu gasar sun ambaci sunan ƙungiyar da kuma kason da za su ba ta, domin duk wanda ya tsaya a kan cewa "wani ɓangare na kuɗin zai je ga mabukata" bai faɗi komai ba. Idan sun ce Kiva ce, wato ƙungiyar da ke haɗa masu ba da rance da masu ƙananan sana'o'i ta intanet, aikinka ya yi sauƙi. An kafa ta a birnin San Faransisko na Amurka a 2005, ta fara da wasu 'yan kasuwa a Uganda, kuma da dalar Amurka 25 mutum zai iya sa hannu a rance. Gungun masu ba da rance suna da shafinsu a bayyane a can, mai nuna yawan rancen da suka bayar, saboda haka ka nemi masu gasar su nuna maka nasu. In suka fara kame-kame, ka riƙe kuɗinka da labarinka. Ka kuma karanta sharuɗɗan haƙƙin mallaka da kyau, kada a ce da zarar ka aika, labarin ya zama nasu har abada.

Hajiya Babba: Malam ya kawo magana mai kyau, amma akwai abin da ya fi damuna, wato kuɗin ruwa. Gaskiya ne Kiva ba ta karɓar ruwa, wanda ya zuba kuɗinsa ma uwar kuɗin kawai ake mayar masa. Sai dai a yawancin ƙasashe kuɗin ba ya zuwa hannun mai sana'a kai tsaye, yana bi ne ta hannun wata cibiyar ba da rance ta ƙasar, ita kuwa tana ɗora nata ruwan don ta biya ma'aikata da zirga-zirga. Tun a 2009 wani mai bincike, David Roodman, ya kuma bayyana cewa galibi an riga an ba matar da kake ganin hotonta a shafin Kiva rancenta kafin a sa hoton, kuɗinka cike gurbi yake yi wa cibiyar. Ban ɗauki wannan a matsayin zamba ba, domin ba za a ce mai sayar da tumatir ta zauna jiran wani a Turai ya danna kwamfuta ba, amma ya kamata marubuci ya san cewa zaɓen hoton da ya yi ba shi ne ya yanke wa matar hukunci ba.

Maman Sadiq: Hajiya, ga wanda maganar ruwa ta tsaya wa a rai, shawarata ita ce Akhuwat ta Pakistan. Dakta Amjad Saqib ne ya kafa ta a Lahore a 2001, rancen farko kuma rupi 10,000 ne aka ba wata mata da mijinta ya rasu. Rance ne marar ruwa, ana raba shi a masallatai da sauran wuraren ibada a gaban jama'a, waɗanda suka biya kuma da yawansu kan dawo su zama masu ba da gudummawa. Ana iya kai wa gare ta ta hanyar Lendwithcare, shirin ƙungiyar agaji ta CARE reshen Birtaniya da aka fara a 2010, inda fam 15 ya isa. Idan gasa ta ce da Lendwithcare take aiki, a tambaye su ko za su zaɓi masu karɓar rance na Pakistan.

Ɗan Maraɗi: Iyayena da yayyena, ku ba ni dama in ja hankalinku gida. A nan jihar Maraɗi ne ƙungiyar CARE ta fara shirin Mata Masu Dubara a 1991, wanda aka gina a kan adashen da iyayenmu mata suka daɗe suna yi. Mata kan haɗu duk mako su zuba abin da ya sawwaƙa a akwati, su ranta wa junansu, a ƙarshen zango kuma su raba abin da ya taru. Tsarin ya bazu zuwa ƙasashe masu yawa a Afirka da wajenta. Su ma sukan ɗora ɗan ƙari a kan rancen, ba zan ɓoye wannan ba, amma ƙarin cikin akwatinsu yake komawa, ba aljihun wani banki ba. Gasar da za ta biya kuɗin horar da irin waɗannan ƙungiyoyi ta fi kwanta mini a rai, domin jarin nasu ne tun farko.

Malamin Adabi: Ina goyon bayan wannan, kuma ina so mu rage wa kanmu buri. Labarin Muhammad Yunus, wanda ya ranta wa mutum 42 dala 27 a ƙauyen Jobra na Bangladash a 1976, har shi da bankin Grameen suka sami kyautar Nobel a 2006, ya sa mutane sun ɗauka ƙaramin rance maganin talauci ne. Binciken da aka yi a ƙasashe shida aka wallafa a 2015, ciki har da Indiya da Maroko da Habasha, ya nuna cewa rancen yana taimaka wa wasu su faɗaɗa sana'a, amma bai ɗaga kuɗin shigar yawancin iyalai yadda ake zato ba. A jihar Andhra Pradesh ta Indiya kuwa, tsananin matsin da cibiyoyin ba da rance suka riƙa yi wa waɗanda suka ci bashi ne ya sa gwamnati ta taka wa cibiyoyin birki a 2010.

Baban Fadila: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gasa biyu nake da su a hannu. Ɗaya ba ta ambaci kowace ƙungiya ba, na ajiye ta. Ɗayar ta ce Kiva, don haka yau zan rubuta musu in nemi shafin rancensu da kason da suke bayarwa. Maman Sadiq, idan sun amsa zan turo miki amsar ki duba mini sharuɗɗan kafin in biya.