Wane suna za mu raɗa wa "capsule wardrobe" da Hausa?

Mai Almakashi: Jama'a, suna ake nema. Abin da ake nufi shi ne mutum ya tsaya kan tufafi 'yan kaɗan waɗanda kowanne ke shiga da ɗan'uwansa, yayi ya zo ya wuce bai ɗaga masa hankali ba. Ana danganta kalmar ga Susie Faux, mai kantin tufafi a Landan a shekarun 1970, sai Donna Karan, mai zayyana tufafi, ta ƙara fito da ita a Amurka a 1985 da kayanta guda bakwai. Wasu na cewa "tufafin kafso".

Uwar Zare: Kafso kam a bar wa masu magani. "Taƙaitacciyar sutura" fa?

Mai Almakashi: Haba Hajiya, ai sai a ɗauka guntun siket ake nufi.

Ɗan Ƙamus: Kuma ƙarancin ba shi ne kan zancen ba, jituwar ce. Ku duba lissafi: riga 5 da wando ko siket 4, in duk suna shiga da juna, shiga 20 ke nan. A ƙara rigar sama 2, kowace shiga ta zama iri uku, da wannan, da waccan, ko babu ko ɗaya: shiga 60 daga kaya 11. Amma rigar da wando ɗaya kaɗai ke karɓarta, shiga ɗaya take bayarwa maimakon huɗu, ga ta ta tare wuri. Ni dai "gundarin sutura" nake gani, wato ainihin kayan da sauran ke jingina da su.

Uwar Zare: Malam, gundari ya zauna a baki. Kuma ya dace da yadda ake haɗa shi. Launi biyu masu sanyi ake fara zaɓa, kamar toka-toka da shuɗi mai duhu, sai ɗaya ko biyu masu haske da ke karɓar fatar mutum. Duk kayan da bai shiga da wasu uku ba, ya fita. Wanda ya kasa tantancewa ya juya duk maratayansa baya, duk kayan da ya saka sai ya mayar da maratayinsu daidai. Bayan wata uku waɗanda ba a taɓa ba sun tona kansu.

Inda ake faɗuwa shi ne wanki. Mai wanki sau ɗaya a mako riga biyar ba ta kai shi, sai bakwai ko takwas. Sannan kaya kaɗan sawa da yawa ne, yadi mara ƙwari nan da nan zai yi gashi a hammata da tsakanin cinya. Baƙi kuma ba ya koɗewa tare, sai ka ga riga ta yi ja-ja wando na nan da duhunsa.

Mai Almakashi: Adadi fa, ya shiga cikin sunan?

Ɗan Ƙamus: A'a. Tsarin 333 na marubuciya Courtney Carver, na 2010, ya ce kaya 33 a wata 3, har da takalma da kayan ado, ban da na ciki da na barci da na motsa jiki. Nata tsarin ke nan, ba ma'anar kalmar ba. Abin yayi kuwa a bar shi a gyale, jaka ko ɗamara, inda sauyawa ba ta rusa sauran.

Uwar Zare: To, "gundarin sutura", a taƙaice "gundari". Na lokacin sanyi da aka naɗe a akwati kuma "kayan ajiya" ya ishe su.