Alfa na hawa, amma ma'aunin yana ƙanƙancewa: ya zan yi?

Assalamu alaikum, masana nazarin halayyar ɗan'adam. Ina neman agajinku.

Ina tsara ma'aunin fargabar jarrabawa ga ɗalibai, tambayoyi 20, amsa daga 1 zuwa 5 irin ta Likert. Na yi gwajin share fage, alfa na Cronbach, wato adadin da ke nuna yadda amsoshin tambayoyin ke tafiya tare, ya tsaya a 0.64, ƙasa da 0.70 ɗin da aka saba nema. Manhajar nazarin alƙaluma ta SPSS na nuna mini cewa in na cire tambayoyin da suka shafi jiki, wato zufar tafin hannu, bugun zuciya da murɗawar ciki, zai haura 0.85.

To ga inda gizo ke saƙa. Waɗanda za su rage duk kan tunani suke, "ina tsoron faɗuwa", "ina tunanin zan kunyata", kusan magana ɗaya ce aka sauya mata riga. A ganina wannan ba inganci ba ne, maimaici ne. Kuma tun 1967 masu bincike Liebert da Morris suka raba fargabar jarrabawa gida biyu: damuwar tunani da tashin hankalin jiki. In na zubar da ɗaya, me kuma nake aunawa?

Sannan tambayoyin da na rubuta a juye, irin "ina samun natsuwa a ɗakin jarrabawa", sun ware kansu a nazarin rukuni (factor analysis), wanda ke nuna tambayoyin da ke haɗuwa wuri guda, ko da na juya makinsu daidai.

Shin in raba ma'aunin gida biyu, kowanne da alfansa, ko in koma omega na McDonald, wani lissafin da ake amfani da shi a madadin alfa? Kuma juyayyun tambayoyin nan, gyara su ake yi ko a bar su?