Jama'a, me za mu kira fraternity da sorority, wato ƙungiyoyin ɗalibai na maza da na mata a jami'o'in Amurka, da Hausa?

Ƙanwata da ke karatu a Amurka ta kira gida ta ce tana son shiga sorority, Hajiya ta juyo ta ce min "kai fassara min", ni kuma abin da ya fara zuwa bakina shi ne ƙungiyar asiri. Wallahi nan take Hajiya ta fara salati tana cewa a dawo mata da ƴarta, sai da na yi kusan awa ɗaya ina gyara ɓarnar da kalma ɗaya ta yi. Shi ya sa na kawo maganar nan.

Ƙungiyar asiri dai ba ta dace ba. Na san daga inda ruɗanin ya taso, a 1952 Wole Soyinka da abokansa 6 suka kafa ƙungiyar ɗalibai ta Pyrates a jami'ar Ibadan, daga baya aka yi ta samun ƙungiyoyi masu ɓallewa har abin ya zama sara-suka a jami'o'in Najeriya, to duk Bahaushen da ya ji asiri jini da tsafi ne ke faɗo masa. Na Amurka kuwa jami'a ta san da su, da yawa suna da gida da sunansu ɓaro-ɓaro a jikin bango da haruffan Girka. Eh suna da sirrinsu, irin musafiha ta musamman da abin da ake yi ranar rantsuwa, amma mambobin ba ɓoye kansu suke ba.

Asalin kalmomin Latin ne, frater ɗan'uwa, soror ƴar'uwa. Ƙungiya ta farko mai haruffan Girka ita ce Phi Beta Kappa, 1776 a kwalejin William and Mary da ke Virginia. Baƙar fata da aka hana su shiga suka kafa nasu, Alpha Phi Alpha a jami'ar Cornell 1906 wadda Martin Luther King ya shiga, sai ta mata Alpha Kappa Alpha a jami'ar Howard 1908, Kamala Harris ƴar ciki ce. Har ɗalibai Musulmi sun kafa tasu a jami'ar Texas ta Dallas a 2013, suka sa mata Alif Lam Mim. Ka ga idan aka ce wa wannan ƙungiyar asiri ai an zalunce su.

Wani ya ce ƙungiyar ƴan'uwantaka. Ma'anar ta fita amma ta yi tsawo, kuma ba ta raba maza da mata. Wata ta kawo zumuntar maza da zumuntar mata, na so wannan sosai har na kusa amincewa, sai na tuna Zumuntar Mata suna ne da ya riga ya zauna a coci-cocin Arewa, duk wanda ya taso Jos ko Kaduna abin da zai fahimta ke nan, ba kyau mu ɗauke musu suna mu liƙa wa wani abu daban. Ƴan'uwanmu na Nijar sun ce fada, ita kuwa fada zama ne na shayi da hira, ba rantsuwa ba kuɗin zango.

Ni dai abin da na tsaya a kai: ƙungiyar aminai ta maza, ƙungiyar ƙawaye ta mata. Dalilina, a wajenmu ƙawance ba gaisuwar hanya ba ne, ƙawa ita ce ke tsaya miki ranar biki da suna, ki yi mata gudummawa ta rama miki, har ƴaƴanku su gaji zumuncin. Haka abin yake can, ba ya ƙarewa ranar da aka karɓi digiri, tsofaffin mambobi su ke nema wa na baya aiki. Amini ma haka, ya wuce aboki.

Sauran kalmomin sun fi sauƙi. Makon da sababbin ɗalibai ke zaga gidaje ana kallon juna, suna ce masa rush, mu ce makon zawarci, tunda ko kulob ɗin ƙwallo ai zawarcin ɗan wasa yake yi. Takardar da suke ba wanda suka zaɓa goron gayyata. Babbar da ake haɗa sabuwar shiga da ita tana kula da ita, wannan kam muna da shi tun tuni, uwar ɗaki da ƴar ɗaki.

Sai hazing, kuma a nan ba na son a sassauta kalma ko kaɗan. Gwale-gwale ne, irin wanda siniyoyi ke yi a makarantar kwana, sai dai nasu yakan haɗa da ɗura wa yaro giya. A 2017 wani ɗalibi Timothy Piazza ya mutu a jami'ar Penn State ta wannan hanya, kuma a Disambar 2024 Biden ya sa hannu a dokar da ta tilasta wa jami'o'i bayyana irin waɗannan laifuka. Kar wani ya fassara shi da wasan maraba, dan Allah. Abin da na fi ja wa ƙanwata kunne a kai ke nan, da kuɗin da ake biya duk zango.

Wadda ta gagare ni ita ce pledge, wato wanda ya karɓi goro amma ba a rantsar da shi ba tukuna. Ɗan gwaji na rubuta, bai kwanta min ba, ɗan jira ma haka. Masu Hausar Sakkwato da Damagaram ku taimaka, me kuke kiran wanda ya sa ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje?